Akawun da Ba Ya Barci, Kuma Ba Ya Jin Kunya

Shekara biyu ke nan da muka ajiye littafin bashi, muka koma manhajar ciniki ta intanet, irin su Odoo da Zoho. Yaro ya buɗe shafi a waya, ya sa kalmar sirri, ya shigar da ciniki, shi ke nan. In mota ta ɗauki gero buhu 40 a Dawanau, da kanta za ta rage su daga sito, ta fitar da rasit, ta ware la'adar dillali. Lissafin da ke kai mu isha'i, yanzu kafin la'asar an gama.

To, ga inda muka yi tuntuɓe. Mun saita mata duk bashin da ya kwana 30 ta tura saƙon tuni. Akwai wani dattijo, abokin cinikin mahaifinmu, da muka yi da shi baki da baki zai biya da kaka. Na'ura ba ta ji wannan ba. Saƙo uku ta tura masa. Bai ce uffan ba, ya sayar da bijiminsa, ya aiko kuɗinmu, cinikinsa kuwa ya koma rumfar maƙwabci.

Yanzu saƙon tuni ba ya fita sai mun duba suna mun danna da hannunmu. Ran Juma'a za mu gidansa ban haƙuri.