Neman mai gyaran wuta da tsakar dare: Darasi daga Zangon Daura

Duk wanda ya yi nazarin harshen Hausa zai lura cewa Bahaushe bai wahalar da kansa wajen raɗa wa lantarki suna ba. Da abin ya iso ƙasarsa, sai ya dube shi ya ga yana haskakawa, yana dafa abinci, yana kuma ƙona duk abin da ya yi masa gangancin kusanta, sai ya kira shi da sunan da ya riga ya sani tun kaka da kakanni, wato wuta. Kalmar "lantarki" aro ce daga Ingilishi, kuma ta fi zama a takarda da gidan rediyo. A bakin jama'a kuwa, "an kawo wuta" ake cewa, "an ɗauke wuta", "wuta ta ja shi". A ganina, wannan suna gargaɗi ne da magabata suka bar mana. Abin takaicin shi ne, matar da ba za ta kwanta barci ta bar garwashi a tsakar ɗaki ba, ita ce ke kwana da 'ya'yanta ƙarƙashin tsiraran wayoyi, domin wannan wutar ba ta da hayaƙi sai ranar da ta tashi yin ɓarna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wani dare da na yi a gidanmu na gado da ke Zango, gabas da Daura, a tsakiyar bazarar da ta gabata. Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka kawo wuta bayan kwanaki ba a gan ta ba, kowa ya tashi yana jona abin da yake da shi: mai cajin waya, mai fanka, mai firji, har da wadda ta ga dama ta samu ta yi guga. Ba a jima ba sai warin roba ya cika zaure, muka ji ƙarar tartsatsi daga allon da ke gefen mita. Ƙanena ya yi ta maza ya nufi randa zai ɗebo ruwa, na daka masa tsawa. Sai kuma na tsaya cak, domin ni da na hana shi, ban san inda babban makunnin gidan da aka haife ni yake ba. Wani maƙwabcinmu ne ya shigo da tocila ya kashe shi, Allah Ya saka masa da alheri.

Daga nan aka shiga neman mai gyara. Wanda aka fara kira wayarsa a kashe. Na biyu ya ce ya kwana a Daura wurin aiki. Na uku ya tafi Mai'aduwa sayayya bai dawo ba. Nan take samarin unguwa suka kawo shawarar a taso wani yaro da kowa ke kira Injiniya. Da na tambayi inda ya koyi aikin, sai aka ce ai shi ne ma ya gyara allon watanni uku da suka wuce. Na ce a bar shi ya yi barcinsa, mu kwana a duhu.

Da gari ya waye aka samo mana wani dattijo da ya yi shekaru yana wannan sana'a tun zamanin NEPA. Ya buɗe allon, ya zaro fis ɗin ya nuna mini. Maimakon siririyar wayar da ya kamata a samu a ciki, an naɗa wata kakkaurar wayar jan ƙarfe ninki biyu.

"Malam, ka ga wannan?" in ji shi. "Fis an yi shi ne don ya mutu gida ya rayu. In kaya sun yi wa layi yawa, sai ya tsinke ya raba ku da wuta. Wanda ya sa wannan ya hana shi tsinkewa, shi ya sa wayar cikin bango ta ɗauki zafin."

Na ce, "To Baba, ai yaron taimako ya yi niyya, tunda fis ɗin yawan tsinkewa yake yi."

Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, yawan tsinkewar nan magana yake yi muku, ku kuma kuka sa aka toshe masa baki."

Ya bi gidan ɗaki-ɗaki, ya gano cewa wayar da aka ja wa soket-soket mai kaurin milimita 1.5 ce, wadda ta dace da ƙwan fitila da fanka, alhali soket na buƙatar mai 2.5, abubuwa masu jan wuta irin su hita da na'urar sanyaya ɗaki kuma na buƙatar mai 4 ko fiye, a layinsu na daban. Wayar ƙasa kuwa, wadda ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta cikin ƙasa maimakon jikin mutum, babu ita sam. Shekara da shekaru muna kwana a bakin kura ba mu sani ba.

A matsayina na ɗalibin harshe, kalmar nan ta "injiniya" ita ta fi tsaya mini a rai. Asalinta laƙabi ne na wanda ya yi karatu mai zurfi aka tantance shi, amma a bakinmu ma'anarta ta yi faɗi har ta rasa iyaka. Duk wanda ya rataya filaya da abin gwada wuta a aljihu ya zama injiniya, kamar yadda duk mai sayar da ƙwayoyi a kemis ya zama likita. Ba laifi ba ne a girmama mai sana'a, kuma a cikin waɗanda ba su taɓa shiga aji ba akwai gwanayen da suka yi shekaru a hannun ubangida nagari har suka fi wasu masu takarda. Matsalar ita ce, idan suna ɗaya ya haɗa gwani da ɗan koyo, to mai gida ya rasa ma'aunin da zai bambance su, musamman da tsakar dare lokacin da hankali ya tashi.

Wani abin da ke ƙara rikita jama'a shi ne rashin sanin inda haƙƙin kowa ya tsaya. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, inda jihohin Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Har gobe dai "Nepa" muke cewa, kuma har gobe da yawanmu na ɗauka cewa duk mai taɓa waya abu ɗaya ne. Alhali aikin kashi biyu ne. Daga taransifoma zuwa falwaya har zuwa mita, hurumin kamfani ne, kuma ba wanda ya halatta ya hau falwaya sai ma'aikacinsa. Daga mita zuwa cikin gida kuwa nauyin mai gida ne, shi zai nemo wanda zai yi masa aiki. Al'adar nan ta a tara kuɗi a unguwa a ba wani yaro ya hau ya sauya layi don wancan ya fi ƙarfi, ta sa iyaye da yawa kuka. Wutar da ke shiga gidajenmu ƙarfinta bolt 230 ne, ta kuma isa ta kashe mutum, balle manyan layuka masu ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000. Mutanen Zariya ba za su manta da abin da ya faru a unguwar Gwargwaje a watan Janairu na 2023 ba, lokacin da wutar babban layi ta kwararo cikin gidaje da dare, aka yi asarar rayuka da dama.

To mene ne abin yi? Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai gyaran gaggawa da rana tsaka ake neman sa, lokacin da babu abin da ya lalace. A manyan birane mutum na iya duba intanet ya kira kamfani, amma a gari irin Zango, inda kowa ya san kowa, shaidar jama'a ta fi kowace talla. A tambayi masu sayar da kayan wuta, domin sun san wanda ke sayen waya mai kyau da wanda ke neman ta bogi don ya ci rarar kuɗi. A tambayi wanda ya yi wa masallacin Juma'a ko asibiti ko makaranta wayarin. A tambayi mutumin kansa wurin wa ya koya, shekara nawa ya yi, ko yana da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ko ta NABTEB, ko shaidar hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin tantance masu aikin wayarin da duba ingancinsa. Idan an samu, a ajiye lambar mutum biyu ko uku, a rubuta a bango kusa da mita, yadda ko mai gida ba ya nan uwargida za ta iya kira. Kuma a kula da halinsa wurin aiki. Wanda ya fara kashe babban makunni kafin ya taɓa komai, ya gwada waya kafin ya kama ta, ya kuma yi bayanin abin da ya haddasa matsalar, shi ne abin riƙewa. Wanda ya ce shi wuta ta san shi, ba ta jan sa, a sallame shi da girma da arziki.

Kafin mai gyara ya iso, akwai abin da ya wajaba kowane baligi a gida ya sani, mace da namiji. Na farko, inda babban makunni yake da yadda ake kashe shi. Na biyu, ba a zuba wa gobarar lantarki ruwa matuƙar ba a yanke wutar ba. Yashi busasshe ya fi, kuma Allah Ya hore mana shi a wannan yanki. Na uku, idan wuta ta kama mutum, ba a cafko shi da hannu, sai a kashe makunni, in ya gagara a ture shi da busasshen icce ana tsaye a busasshen wuri, sannan a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin wuta na iya taɓa bugun zuciya. Idan kuwa wayar babban layi ce ta faɗo, kada kowa ya matsa ko da sanda, a kori yara, a sanar da kamfani. Haka nan warin roba, da soket mai zafi ko wanda ya yi baƙi, da ƙofar firji mai ɗan jan hannu, duk sallama ce gobara ke yi kafin ta shigo.

Sai batun janareta da sola, waɗanda suka zama ruwan dare, musamman tun bayan duhun da Arewa ta shiga a watan Oktoba na 2024, lokacin da lalacewar manyan layuka ta bar jihohi da dama fiye da mako guda babu wuta. Duk wanda ya jona janareta da wayarin gidansa ba tare da makunnin da ke raba shi da layin kamfani ba, to yana iya tura wuta waje ta hallaka ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton layi a mace yake. Hayaƙin janareta kuma kisan mummuƙe yake yi, don haka ba a kwana da shi a ɗaki ko a rufaffen zaure. Sola ma da ake ganin ba ta da haɗari, batirinta na iya tayar da gobara idan aka haɗa shi da siririyar waya babu fis.

A ƙarshe, ina kira ga Ƙaramar Hukumar Zango da takwarorinta na masarautar Daura, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, da su haɗa kai da ƙungiyoyin masu sana'ar su fitar da sunayen waɗanda aka tantance, a ajiye a wurin dagatai da masu unguwanni. Tunda an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, me zai hana a shirya wa matasan da ke wannan aiki gajeren horo, su samu ilimi da takarda? Yaron nan da ake kira Injiniya ba abokin gaba ba ne, neman halalinsa yake yi, kuma horo yake buƙata fiye da zagi. Limamanmu ma su riƙa tunatar da jama'a cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Mu kuma masu gidaje mu tuna cewa araha ba ta ado. Kuɗin da muka kashe wajen sake wayarin gidanmu na Zango ya yi mana nauyi, amma bai kai kuɗin rufin ɗaki ɗaya ba, balle a yi maganar rai. Kafin na koma bakin aiki, sai da na tara mutanen gidan, manya da yara masu wayo, na sa kowa ya kashe babban makunnin nan da hannunsa ya kunna. Allah Ya tsare mu da gobarar duniya da ta lahira, amin.