Ba Kowace Girgizar Mota Ce Tsufa Ba

Yawancin motocin da ke bin titunanmu sun sha gwagwarmaya a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu, shi ya sa da zarar Golf ko Corolla ko Peugeot 406 ta fara karkarwa sai mai ita ya ce ai tsufa ne, ya ci gaba da harkarsa. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa ƙalau, abin da ya mutu shi ne mazaunin da yake zaune a kai, wanda makanikai ke kira injin sit. Wannan ɗan abu ya cancanci a duba shi da wuri, a tabbatar shi ne mai laifi, sannan a canza shi yadda ya dace, domin ɓarnar da yake jawowa idan an ƙyale shi ta ninka kuɗinsa.

Injin sit roba ce mai kauri da aka manne tsakanin ƙarafa biyu, ɗaya ɗaure a jikin inji ko giyabos, ɗayan a jikin mota. Galibin ƙananan motoci suna da uku ko huɗu, wasu ma akwai ruwa a cikinsu don ƙara laushi. Aikinsu biyu ne: su riƙe injin a wurinsa duk lokacin da ya yunƙura zai murɗe, su kuma shanye karkarwarsa kada ta kai ga mutanen ciki, kamar yadda guringuntsi ke hana ƙashi gogar ƙashi. Tun a 1931 kamfanin Chrysler ya yi tashe da ɗora inji kan roba a motarsa Plymouth. Matsalar roba ita ce zafi yana busar da ita har ta tsattsage, baƙin mai da ke ɗiga a kanta yana ruɓar da ita, ramukan hanya kuma suna fizgarta. A ƙasar da ke da zafin bazara irin namu, ga ramuka, ga injina masu yoyo, ba a raba roba da ɗayan ukun nan.

Alamun ba sa ɓuya ga mai lura. Idan mota na tsaye a cunkoso, giya na kan D, ƙafa na kan birki, za ka ga sitiyari na rawa, madubi na kaɗawa har hoton motar baya ya dushe, musamman in an kunna na'urar sanyaya mota. Wata alamar ita ce ƙarar "gum" daga gaba lokacin da aka sa giya, ko aka taka totur, ko aka ɗaga ƙafa kwatsam. Amma a yi hattara, domin fulogi ko koyil ko nozul da ya gaza shi ma yana girgiza mota. Bambancin shi ne a irin wannan hali injin kansa ne ke ɗingishi, allurar da ke nuna gudunsa tana hawa tana sauka, salansa na tari, ƙarfi na raguwa. Idan kuwa injin sit ne, sautin inji sumul yake, jikin motar ne kawai ke shan wahala.

Gwajin ba ya buƙatar kwamfuta. A buɗe bonet, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya, direba ya danne birki sosai, ya sa D, ya ɗan taɓa totur ya saki, sannan ya maimaita a ribas. Mai kallo ya tsaya a gefe, kada ya kuskura ya tsaya a gaban motar. Inji mai lafiyayyen mazauni ɗan motsi zai yi ya koma, wanda nasa ya yanke kuwa zai ɗaga gefe guda ya faɗo da ƙara. Bayan an kashe motar sai a haska tocila a duba: robar ta tsage? Ta rabu da ƙarfenta? Ta lotsa har ƙarfe na taɓa ƙarfe, ya bar wuri mai sheƙi? Idan mai ruwa ne, baƙin sawun ruwan da ya tsiyaye ya bushe a jikinsa ya isa shaida. Makanikin da ya ce a sayo injin sit bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, caca yake yi da kuɗinka.

Wani zai ce tunda motar na tafiya, kuɗin ya fi amfani a tankin mai. To amma injin da ba a riƙe da kyau ba yana jan duk abin da ke haɗe da shi. Yana fizgar tiyon lagireto har ya ɓalle, yana tsaga wuyan salansa, yana tsinke wayoyi, yana kuma takura wa shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba. Sauran mazaunan kuma su ɗauki nauyin wanda ya mutu, su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Abin ya taɓa wuce batun kuɗi. A 1971 kamfanin General Motors na Amurka ya kira motocin Chevrolet kusan miliyan 6.7 a dawo da su gyara, saboda idan mazaunin ya yanke injin kan ɗaga ya ja totur, mota ta ƙara gudu ba da son direba ba. Ƙirar motocin yau ta rage irin wannan haɗari, amma tiyon da ya ɓalle a tsakiyar dajin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya isa ya ƙona inji.

Wani kuma zai ce ai akwai dabara, a yanko tsohuwar taya a cusa, ko a kai wa mai walda ya haɗe ƙarafan. Cushen taya na iya kai mutum gida ranar da ta ɓaci, amma ba gyara ba ne, tunda ba a manne yake da ƙarfen ba. Walda kuwa ta fi muni, domin ta kawar da laushin gaba ɗaya, duk bugun injin ya koma kan jikin mota da kunnen giyabos, wanda sau da yawa na alminiyam ne mai saurin tsagewa. Sai masu cewa kayan Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, sun fi sababbi. Suna da hujja, domin jabun sababbi sun yi yawa. Sai dai roba ba ƙarfe ba ce, shekaru na cin ta ko da a ajiye take. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya tafi da tsohon a hannu, ya gwada tsayi da ramukan noti, ya lanƙwasa robar a cikin haske ya ga ko akwai tsaga. In da hali, sabo na kamfani sananne ya fi, araha ba ta ado.

Wajen canzawa ma akwai ƙa'ida. Dole a tallafe injin da jak kafin a kwance noti ko ɗaya, a kuma sa katako mai faɗi tsakanin jak da farantin ƙasan inji inda baƙin mai ke taruwa, in ba haka ba farantin ya lotsa ko ya fashe. A ɗaga kaɗan kawai, a canza ɗaya bayan ɗaya, a fara ɗaura notuna da hannu, a sauke injin ya zauna da nauyinsa, sannan a tamke. Wanda aka tamke injin na karkace ba ya daɗewa. Kada kowa ya sa yatsa tsakanin inji da mazauninsa. Idan yoyon mai ne ya kashe tsohon, a toshe yoyon tukuna, sannan a duba sauran mazaunan a zama ɗaya.

Don haka, mai mota, ranar da za ka canza baƙin mai ka ce wa makanikinka ya haska mazaunan injin a gabanka, ya yi gwajin birki da giya ka gani da idonka. Aikin bai wuce minti biyar ba, kuma shi zai gaya maka ko roba za ka saya ko fulogi.