Yadda Panathinaikos Ta Tashi Daga Ƙasan Jeri Ta Ɗauke Kofin Ƙwallon Kwando Na Turai

Daga Wakilinmu na Arewa

Masu karatu, yau za mu ɗan ajiye ƙwallon ƙafa a gefe guda. Na san da yawa daga cikinku, ko a Agege kuke ko a Sabo ta Ibadan ko a Fatakwal, in an ce Real Madrid to hankalinku filin ciyawa yake tafiya. Amma wannan ƙungiya tana da wani ɓangare na ƙwallon kwando, wanda ya ci kofin Turai har sau 11, abin da babu wata ƙungiya da ta taɓa yi. Labarinmu na yau na ranar da aka kwantar da wannan giwa ne, da kuma mutanen da suka kwantar da ita, a kakar wasa ta 2023 zuwa 2024.

Gasar da muke magana a kai sunanta EuroLeague. An fara ta tun 1958, kuma wata ƙungiyar sojoji ta birnin Riga ce ta fara cin kofin, zamanin da birnin yake ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. In aka ɗauke gasar NBA ta Amurka, babu inda ake ƙwallon kwando mai zafi kamar nan. Mutum biyar-biyar ne a fili, ana yin minti 40 an kasa shi kashi huɗu, kuma duk ƙungiyar da ta karɓi ƙwallo daƙiƙa 24 kawai gare ta ta jefa. Jefawa daga kusa maki biyu ne, daga bayan layin nesa maki uku. Saboda haka kada mai karatu ya yi mamaki in ya ji an tashi 95 da 80.

A waccan kaka ƙungiyoyi 18 suka shiga. Sifen ta kawo huɗu, Girka da Turkiyya da Italiya da Jamus da Sabiya kowacce biyu-biyu, haka ma gasar Faransa biyu in an haɗa da Monaco, sa'an nan Lituweniya da Isra'ila ɗaya-ɗaya. Babu ƙungiyar Ingila ko ɗaya, domin a wannan wasa Ingilishi 'yan kallo ne. Ƙungiyoyin Rasha kuwa an dakatar da su tun 2022 saboda yaƙin Yukren. Ita ma Maccabi ta Tel Abib ba ta yi yawancin wasanninta na gida a ƙasarta ba, sai a Belgared ta Sabiya, saboda yaƙin Gaza da ya ɓarke a watan Oktoba na 2023, daidai lokacin da aka buɗe gasar. Kowace ƙungiya ta kara da kowace sau biyu, gida da waje, watau wasa 34 ke nan a waccan kaka kafin a zo zagayen fid da gwani.

Akwai wani abu a tsarin gasar da ni dai bai kwanta mini ba. Yawancin manyan ƙungiyoyin su ne masu hannun jari a kamfanin da ke gudanar da ita, kuma suna riƙe da lasisi na shekaru masu yawa. Ko sun zo na ƙarshe ba mai korarsu. Ƙaramar ƙungiya kuwa ko ta ci kofin ƙasarta, ba lalle ba ne a buɗe mata ƙofa. Amma fa in don ba wannan tsari ba, da wataƙila labarin da zan ba ku bai faru ba, domin Panathinaikos ta birnin Atina a kakar 2022 zuwa 2023 ta 17 ta zo cikin 18. Wasa 11 kacal ta ci, aka doke ta sau 23.

Wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne ga ƙungiyar da ta ci kofin sau shida. Ta fara ci a 1996 a birnin Paris, sa'an nan wani mai horarwa ɗan Sabiya, Zeljko Obradovic, ya ciwo mata biyar tsakanin 2000 da 2011. Da ya tafi a 2012 sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Shekara goma sha ɗaya ƙungiyar ba ta sake leƙa zagayen huɗun ƙarshe ba, alhali kuwa babbar abokiyar gabarta Olympiacos tana zuwa tana dawowa. Ita Olympiacos a Fireyus take, tashar jiragen ruwa da ke maƙwabtaka da Atina, kamar dai yadda Apapa take a Ikko. Su jajaye ne, Panathinaikos korra. Gabar da ke tsakaninsu ta wuce wasa, har yakan zama ba a barin magoya bayan baƙi su shiga filin masu masauki.

Mai ƙungiyar, Dimitris Giannakopoulos, wanda gidansu ke da babban kamfanin magunguna a Girka, sai ya yanke shawarar rushe ginin ya sake sabo. Abu na farko da ya yi ya ba mutane mamaki: ya ɗauko Baturke ya ba shi horar da 'yan wasa. Wanda ya san tarihin Girka da Turkiyya ya san ba a ga-maciji. Amma Ergin Ataman ba baƙon irin wannan aiki ba ne. Ya karɓi Anadolu Efes ta Istanbul a ƙarshen 2017, ta gama waccan kaka a ƙarshen jeri, shekara mai zuwa ya kai ta wasan ƙarshe, sa'an nan ya ci kofin da ita a 2021 da 2022 a jere. Mutum ne mai baki, mai cika alkawari tun kafin a tambaye shi, kuma ba ya jin nauyin faɗa da alkalan wasa. Masu ƙinsa suna da yawa. Amma ya san aikinsa.

Abu na biyu ya fi na farko girgiza Atina. Don a gane shi sai mun koma ranar 21 ga Mayu, 2023, a birnin Kaunas na Lituweniya, inda Olympiacos da Real Madrid suka yi wasan ƙarshe. Olympiacos tana gaba da maki ɗaya, saura daƙiƙa uku a tashi, sai wani tsohon hannu na Madrid, Sergio Llull, wanda bai ci ko maki ɗaya ba duk daren, ya ɗaga ƙwallo ta saman wani dogo ta faɗa kwando. Aka koma 79 da 78. Ƙwallo ta ƙarshe ta faɗa hannun Kostas Sloukas na Olympiacos, ya jefa, ba ta shiga ba. Bayan 'yan makonni sai aka ji Sloukas ya tattara kayansa ya tsallaka zuwa Panathinaikos. A wajen jajaye wannan cin amana ne tsagwaronsa, kuma sun nuna masa haka duk ranar da ya taka filinsu. Shekarunsa 33 a lokacin, ya riga ya ci kofin sau uku, biyu da Olympiacos a 2012 da 2013, ɗaya da Fenerbahce a 2017. Da ya faɗi a sabon gidansa, da ba shi da inda zai sa kansa a ƙasar Girka.

Aka kuma kawo Mathias Lessort, wani ƙaƙƙarfan Bafaranshe daga Partizan, da Jerian Grant ɗan Amurka, da Juancho Hernangomez na Sifen. Kusan duka 'yan wasan sababbi ne, ba su san juna ba. Cikinsu akwai wanda labarinsa zai taɓa zuciyar duk wanda ya bar garinsu ya tafi neman abinci. Sunansa Kostas Antetokounmpo, wanda asalin sunan gidansu Adetokunbo ne, rubutun Girkawa ya juya shi. Mahaifinsa Charles Bayarabe ne, mahaifiyarsa Veronica 'yar ƙabilar Ibo, sun bar Ikko a 1991 suka sauka Atina ba su da cikakkun takardu. A unguwar Sepolia suka haifi 'ya'yansu huɗu, kuma manyan yaran sun yi tallar agogo da tabarau a bakin titi don a sami na cefane. Wansa Giannis shi ne wanda ya zama zakaran NBA da Milwaukee a 2021. Shi Kostas ba tauraro ba ne kamar wansa, aikinsa ya shigo ya tare kwando in Lessort ya gaji, amma yana cikin 'yan wasan Los Angeles Lakers da suka ci NBA a 2020.

Da aka fara gasar sai tuntuɓe. Wasan farko ma Olympiacos ce ta zo har gida ta doke su. Sai da aka ɗauko Kendrick Nunn daga Amurka bayan an riga an fara, mutumin da in ya sami ƙwallo ba ya neman taimakon kowa kafin ya ci maki, sa'an nan al'amura suka fara daidaita. Filinsu na OAKA, mai cin mutum fiye da 18,000, ya koma cika maƙil, ana waƙa da tsalle tun daga farko har a tashi.

A can sama kuwa Real Madrid tana ta shara. Ta ci wasanninta goma na farko a jere. Tana da Facundo Campazzo na Ajantina mai raba ƙwallo, da Edy Tavares ɗan tsibirin Maio na ƙasar Kef Bade, wanda tsawonsa ya kai mita 2.20, ga kwandon kansa mita 3.05 ne daga ƙasa, to ku auna. Akwai kuma wani ɗan Bosniya, Dzanan Musa, wanda a watan Janairu ya ci maki 40 shi kaɗai a wani wasa da Efes da sai da aka ƙara lokaci sau huɗu kafin Madrid ta ci 130 da 126. Kakar ta zo da abubuwan tarihi da dama. A watan Maris Mike James na Monaco ya wuce Vassilis Spanoulis ya zama wanda ya fi kowa yawan maki a tarihin gasar, aka kuma zaɓe shi gwarzon shekara. A ƙarshen watan Nigel Hayes-Davis na Fenerbahce ya zuba wa ALBA ta Balin maki 50 a wasa ɗaya. Da aka gama wasa 34, Madrid ce ta ɗaya da nasara 27, Panathinaikos ta biyu da 23.

A zagayen fid da gwani, wanda ya fara cin wasa uku shi ya wuce. Madrid ta share Baskonia uku ba ko ɗaya. Sauran ukun duka sai da aka kai wasa na biyar. Fenerbahce ta je har Monaco ta ci, Olympiacos ta je Barcelona ta ci, abin da kafin wannan dare babu baƙuwar ƙungiya da ta taɓa yi a wasa na biyar. Panathinaikos kuwa ta sha da ƙyar a hannun Maccabi. An doke ta a wasan farko a gidanta, nan take Ataman ya fito ya ce in bai kai ƙungiyar Balin ba, to baɗi ba za a gan shi a nan ba. Aka je Belgared, Maccabi ta sake yin gaba, biyu da ɗaya. Saura kiris aikin shekara guda da kuɗin da aka zuba su bi ruwa. Suka ci na huɗu a can, suka dawo Atina suka ci na biyar.

Ranar Juma'a 24 ga Mayu, 2024, aka haɗu a Balin. Panathinaikos ta danne Fenerbahce 73 da 57, Madrid ta kori Olympiacos 87 da 76. Jajaye suka rasa abin da ke musu daɗi, ga su a waje, ga mutumin da ya gudu ya bar su zai yi wasan ƙarshe.

Ranar Lahadi 26 ga wata, minti goma na farko kamar ba za a yi wasa ba. Duk abin da Madrid ta jefa sai ya shiga. Maki 36 ta ci a kashi na farko, Panathinaikos 25. Wanda ya kashe talabijin a lokacin ya tafi barci ba za a ga laifinsa ba. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Korran suka fara rage tazara kaɗan-kaɗan, Lessort yana gogayya da dogayen Madrid a ƙarƙashin kwando, aka tafi hutun rabin lokaci 54 da 49.

A kashi na uku ne aka yi abin. Ƙungiyar da ta ci 36 a minti goma na farko, a waɗannan minti goma maki bakwai rak ta samu. A ganina nan ne aikin Ataman ya fito fili, domin ba jefa ƙwallo ba ne ya ci wannan wasa, tsaro ne. An toshe wa Campazzo hanya, an tilasta wa 'yan Madrid jefawa daga nesa, hannunsu kuwa ya riga ya huce. Tsofaffin da suka cece su a Kaunas, Llull da Sergio Rodriguez da Rudy Fernandez, shekaru sun fara nuna kansu, biyun ƙarshe ma a wannan shekara suka yi ritaya. Aka shiga kashi na ƙarshe Panathinaikos tana gaba 64 da 61.

Madrid ta yunƙura ta matso, sai Sloukas ya tsaya daga bayan layi ya jefa mai maki uku, ya sake jefa wata. Duk daren, ƙwallo shida ya jefa cikin wasa, huɗu daga nesa, babu wadda ta kuskure. Ya tashi da maki 24, Nunn 21, Lessort 17. Aka busa tashi 95 da 80. Mutumin da ya ɓarar da ƙwallon ƙarshe a gaban Madrid shekara guda da ta wuce, shi aka miƙa wa kambin gwarzon huɗun ƙarshe, kuma shi ya ɗaga kofin a matsayin kyaftin. Kofinsa na huɗu ke nan da ƙungiyoyi uku. Ataman ya ci na uku cikin shekara huɗu, Panathinaikos ta ci na bakwai bayan shekara 13 tana jira, ɗan gidan Adetokunbo kuma ya shiga sahun 'yan ƙalilan da suka haɗa kofin NBA da na Turai.

Ba su tsaya nan ba. A watan Yuni suka haɗu da Olympiacos a wasannin ƙarshe na gasar Girka, aka doke su biyu na farko, suka dawo suka ci uku a jere. Kofin Turai dai shekara ɗaya ya kwana a hannunsu. A watan Mayu na 2025, a Abu Dhabi, Fenerbahce ɗin nan da suka danne a Balin ita ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, ta je ta doke Monaco 81 da 70 ta tafi da kofin Istanbul.