Kashin Farko Na Jariri: Tambayar Da Ya Kamata A Riƙa Yi A Boɗinga Da Shagari

Idan aka yi haihuwa a ƙauyukan Boɗinga ko Shagari, tambayoyin da ake yi sanannu ne: namiji ne ko mace, ya yi kuka, ya kama nono? Da wuya ka ji an tambayi ko ya yi kashin farko, wannan baƙin kashi mai danƙo da lafiyayyen jariri kan fitar cikin awa 24 zuwa 48. Alhali a kan wannan tambaya rayuwar wasu yara take rataye.

Akwai wata cuta da ake haihuwar yaro da ita, inda ƙarshen babban hanjinsa ba shi da ƙwayoyin jijiyar da ke sa hanji ya motsa ya tura kashi. Wurin sai ya ƙanƙame, kashi ya taru a samansa, hanjin ya buɗe kamar salka. Likitan yara ɗan ƙasar Denmak, Harald Hirschsprung, ya bayyana ta a 1886, shi ya sa take ɗauke da sunansa. Tana samun kusan jariri ɗaya cikin 5,000, kuma maza sun ninka mata kusan sau huɗu.

Alamominta ba ɓoyayyu ba ne: jinkirin kashin farko, kumburin ciki, amai kore, ƙin shan nono. Wanda ya tsallake jarirantaka yakan tashi da taurin bayan gida, ciki tulu, ƙafafu sirara. Inda mata da yawa ke haihuwa a gida, ungozoma da kaka ne ke fara ganin haka, sai a ƙara bauri, a jiƙa sassaƙe, wani lokaci a kai wa wanzami ya yi tsaga. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Sai dai jiƙo ba ya tsirar da jijiya, kuma jinkiri na iya jawo kumburin hanji mai zuwa da zazzaɓi da gudawa mai wari, wanda kan kashe yaro cikin ƴan kwanaki.

Ana gano cutar da hoton ciki bayan an ɗura wani ruwa ta dubura, sannan a tabbatar ta hanyar gutsurar ɗan nama daga bangon dubura a duba a ɗakin gwaji. Maganinta tiyata ce. Tun 1948 Orvar Swenson ya nuna a Boston ta Amurka cewa za a iya yanke ɓangaren da ba shi da jijiya a jawo lafiyayyen hanji a haɗa da dubura. Idan yaro ya zo a galabaice, akan fara buɗe masa ƙofa a ciki inda kashi zai riƙa fita, kafin babban aikin. Iyaye da dama na tsoron wannan ƙofa saboda bakin mutane. Su sani ta wucin gadi ce, ana rufe ta, kuma yawancin yaran kan girma su yi rayuwa kamar kowa.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da likitocin tiyatar yara, kuma daga Boɗinga da Shagari hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya zuwa birnin. Abin da ya rage shi ne Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ƙananan hukumomin biyu su koya wa ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci ƙa'ida ɗaya: jaririn da ya cika kwana biyu bai yi kashi ba, ko cikinsa ya kumbura yana amai kore, a tura shi Sakkwato a ranar, kada a jira suna. Gwamnati kuma ta tallafa da kuɗin aikin, domin manomi ba zai sayar da hatsin shekara sau biyu ba. Allah Ya raya mana zuri'a.