Tun Ran Gini Ran Zane: Yadda A Ke Sa Lasifika Cikin Bangon Gida

Akwai wata dabara ta jin kiɗa a gida wadda ta daɗe a Amurka da ƙasashen Turai, yanzu kuwa ta fara shigowa manyan garuruwanmu. Mutum zai shiga falo ya ji kiɗa yana tashi a hankali, ya wuce ɗakin cin abinci ya iske shi can, ya leƙa kicin ma haka, amma duk inda ya duba ba zai ga akwati ko waya ba. An binne lasifikokin ne a cikin bango ko a silin, an rufe bakinsu da 'yar raga, an shafa mata fenti irin na ɗakin. Da yawa daga cikinmu, in Allah ya yarda, za mu gina namu gidaje wata rana, waɗansu kuma za a nemi shawararsu a kan zauren taron makaranta, don malami shi a kan tambaya kome a ƙauye. Saboda haka na ga ya kamata mu san yadda abin ya ke, mu kuma san inda a kan yi hasarar kuɗi a cikinsa.

Mafarin abin

Lasifika irin wadda mu ke amfani da ita yau, waɗansu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su suka bayyana tsarinta a 1925. Wani janar na sojan Amurka kuma, George Squier, ya yi dabarar aika kiɗa ta waya zuwa wuraren da jama'a su ke. Daga aikinsa aka sami kamfanin Muzak a 1934, wanda ya riƙa aika kiɗa mai taushi zuwa otal-otal da gidajen cin abinci na birnin New York.

Mu ma nan Nijeriya kakanninmu sun san irin wannan. Akwatin rediyon nan da aka fara rarrabawa a Legas a 1935, ya kuma iso Kano a 1944, ba ya kama tasha da kansa. Lasifika ce kawai a cikin akwatin katako, waya ta taso daga gidan rediyo ta shigo mata da magana, maigida yana biyan kuɗin haya. Watau mafari guda, waya, da lasifikoki masu yawa. Wannan shi ne tsarin kiɗan cikin bango har yau, sai dai mafarin ya dawo cikin gidanka, watau wayarka ta hannu ko rediyo, da amfilifaya mai ƙara wa kiɗan ƙarfi.

Bango shi ne akwatinta

Kafin mu taɓa bango, bari mu duba cikin lasifika. Akwai maganaɗisu a bayanta, da naɗin siririyar waya a tsakiyarsa, an manna naɗin a jikin wani abu mai kama da mazurari, na takarda ko na roba. In lantarki ya bi ta naɗin, sai mazurarin ya riƙa tafiya gaba da baya da sauri, yana tura iska. Wannan motsin iska shi ne kunne ke ji.

To, ga inda matsala ta ke. Sa'ad da mazurarin ya tura iskar gabansa, ya janye ta bayansa ke nan. In babu abin da ya raba gaba da baya, iskar sai ta zagaya ta gefe ta cike gurbin, su kashe juna. Muryoyi masu kauri, irin na ganga da tambari, su suka fi shan wannan hasara. Shi ya sa a ke sa lasifika cikin akwati.

Kowane malamin kimiyya yana iya nuna wa yara wannan a aji. A ciro lasifika daga tsohuwar rediyo ba tare da an tsinke wayarta ba, a kunna, za a ji muryar siririya kamar ta sauro. Sa'an nan a huda babban kwali daidai girmanta a ɗora ta a kan hudar. Nan take muryar za ta yi kauri. Lasifikar cikin bango ba ta zuwa da akwati, bangon shi ne kwalin nan, kogon da ke bayansa kuma shi ne cikin akwatin. Kun ga ke nan kyan muryarta yana hannun birkila da kafinta kamar yadda ya ke hannun kamfanin da ya ƙera ta.

Me ya sa a ke sa su da yawa?

Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Hirar mutum biyu ta kan kai wajen desibel 60. Kiɗan da mu ke magana a kansa ana so ya zauna ƙarƙashin hira, yadda ba wanda zai ɗaga murya dominsa. A fili, duk sa'ad da ka ninka nisanka da lasifika, ƙarar ta kan ragu da desibel 6. A ɗaki raguwar ba ta kai haka ba, don bango yana mayar da ƙara, amma dai tana nan. In lasifika ɗaya ce a kusurwar babban falo, sai ka ƙure ta kafin na nesa ya ji, na kusa kuwa ya rasa inda zai sa kansa. In ka raba ƙanana biyu ko huɗu a ɗakin, kowa yana kusa da ɗaya, sai a bar su ƙasa-ƙasa kowa ya ji daidai.

Don haka kada mai kanti ya ruɗe ka da yawan wat. Yawancin irin waɗannan lasifikoki, wat 1 tak ya kan sa su ba da ƙara kusan desibel 90 ga wanda ke tsaye mita 1 daga gare su. Ninka wat kuwa desibel 3 kaɗai ya ke ƙarawa. Mai faɗin inci 6 da rabi ta isa ɗaki madaidaici, mai inci 8 sai babban falo.

Bangon Amurka da namu

Nan ne mutane su kan yi tuntuɓe. Yawancin gidajen Amurka da katako a ke tsayar da su. Ana kafa katakai a tsaye, inci 16 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, a lulluɓe su ciki da allon filasta mai kaurin rabin inci. Tsakanin katako da katako akwai kogo mai zurfin inci 3 da rabi. Domin irin wannan bango aka ƙera lasifikokin nan. Mutum ya nemo inda babu katako, ya ɗora kwalin awo da ke zuwa tare da lasifikar, ya zana, ya yanke da ƙaramin zarto, ya jawo waya ya haɗa, ya tura lasifikar ciki. In ya ɗaure sukurorinta, waɗansu 'yan ƙafafu na roba sai su juyo ta baya su damƙe allon. Shi ke nan.

Mu kuwa da bulon siminti mu ke gini, mai inci 6 ko mai inci 9. 'Yan ƙafafun nan ba za su iya damƙe bulo ba, waya kuma ba ta da inda za ta bi sai an sassaƙa mata hanya. Wanda ya bari sai da aka gama shafe da fenti, sa'an nan ya tuna da lasifika, zai biya kuɗin fasawa, da na sabon shafe, da na sabon fenti, tabon kuma da wuya ya ɓace. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Tun ana ɗora bulo za ka nuna wa birkila wurin, ya bar gurbi, kafinta ya haɗa ɗan akwati na katako a sa a ciki, da fuska ta falanki mai huda wadda ƙafafun za su kama. A shafa wa katakon maganin gara. A toshe duk wata kafa, don iskar baya kada ta sami hanyar zagayowa.

Bangon inci 9 shi ya fi dacewa. A na inci 6, ramin ya kan kusa ɓullewa ɗaya gefen. Kada ko kusa a fasa ginshiƙin kankare, ko kankaren da ke bisa ƙofa da taga, don su ke ɗauke da nauyin gini. Bangon ƙasa kuwa, gara a rataye masa ƙaramin akwati a waje.

In gida ya riga ya ginu, silin ya fi sauƙi, don akwai fili a samansa inda waya za ta bi. Amma a lura da abu biyu. Na fari, a rufe bayan lasifikar saboda ƙurar hunturu da ɓeraye. Na biyu ya fi muhimmanci. Tsofaffin gidaje da makarantu da yawa silin ɗinsu na asbestos ne. Ƙurarsa in an shaƙa tana kawo ciwon huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Irin wannan silin ba a yanka shi, ba a huda shi.

Waya da lissafinta

Ko da kiɗan ta Bluetooth ya ke zuwa daga wayar hannu, amfilifaya ya ke samu, daga nan kuwa dole waya ta kai shi ga kowace lasifika. A zaɓi wuri guda inda amfilifaya za ta zauna, a ja bututun roba daga nan zuwa kowane gurbi kafin shafe, a bi da wayar ta ciki. In ta lalace wata rana, sai a zare a sa wata ba tare da an taɓa bango ba. Kowace waya a manna mata sunan ɗakinta, a kuma ɗauki hoton bangon kafin a shafe shi, don gobe mai kafa ƙusa ya san inda zai kauce.

A nemi waya ta jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha wadda cikinta alminiyam ne aka yi mata rufin jan ƙarfe, ba ta ɗaukar lantarki kamar ta ainihi. Mai lamba 1.5 ta isa tafiyar mita 15, in nisan ya wuce haka a sa mai lamba 2.5. Kada a haɗa ta bututu ɗaya da wayar wutar gida mai bolt 230. In dole su gamu, su gicciye juna su wuce. Kafin a sassaƙa ko a huda kowane bango, a kashe wutar gida daga babban makunni, a kuma kira mai aikin lantarki ya nuna inda wayoyinsa suka bi. Kurfi ɗaya a kan waya mai wuta ya isa ya kashe mutum.

Kowace lasifika tana da baki biyu, ja da baƙi. Ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi. In aka juya ɗaya, sai ta riƙa ja sa'ad da 'yar'uwarta ke turawa, kaurin muryar ya ɓace kamar dai wadda ba ta da akwati. In ka yi shakka, taɓa bakunan wayar da batirin tocila mai bolt 1.5, ja a kan mai alamar tarawa. Mazurarin zai yunƙuro waje in haɗin daidai ne.

Sai lissafin om, watau ma'aunin yadda lasifika ke tare lantarki. Yawancinsu om 8 ne. In ka haɗa biyu a baki ɗaya na amfilifaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama om 4. In huɗu ne, om 2. Yawancin amfilifayoyin gida ba su jure ƙasa da om 4, sai su yi zafi su ɗauke, ko su ƙone. Mai ɗakuna da yawa sai ya sayi amfilifaya mai bakuna da yawa, ko akwatin rarrabawa mai daidaita om. A manyan wurare kamar makaranta da otal a kan yi amfani da tsarin bolt 100, a Amurka kuwa bolt 70, inda kowace lasifika ke da 'yar taransifoma tata, a jera su da yawa a kan waya guda. Kowane ɗaki kuma a sa masa abin rage ƙara a bango kusa da ƙofa.

Wa ke bayan bangon?

Saura tambaya guda, ita ce kuwa aka fi mantawa. Mun ce lasifika tana tura iska gaba da baya. Abin da ya tafi baya bai ɓace ba, yana ratsa bango ya fita ɗakin da ke can. Kiɗan da ka ke ji da daɗi a falo, wataƙila gunji ne a kunnen tsohuwar da ke kwance a ɗakin baya, ko yaron da ke shirin jarrabawa. Akwati mai kauri, da soso ko auduga a cikinsa, yana rage wannan, amma ba ya hana shi duka. Saboda haka kada a sa lasifika a bangon ɗakin barci, balle bangon da ya raba ka da maƙwabci. Ɗan haya kuwa ba shi da ikon fasa bangon wani sai da yardar mai gidan. Ba a kuma sa lasifika inda mai ɗakin ba shi da ikon kashe ta.

To, 'yan'uwa, kun ga lasifika ita ce abu na ƙarshe da za a saya. Akwatin rediyo in bai yi maka daɗi a nan ba, ka ɗauke shi ka kai can. Abin da aka binne cikin siminti kuwa ya zauna ke nan. Duk wanda ya ke da niyya, tun ran da aka ja igiyar harsashi ya zauna da birkila da mai aikin lantarki, da takarda da fensir, su amsa tambaya uku: wane bango, ta ina waya za ta bi, wa kuma ke kwana a bayansa.