BAKWAINI BA BIJIMIN TURKE BA NE

A wannan fitowa mun ɗan jingine maganar farashi da kuɗin mota, za mu taɓa wata magana ta cikin gida, watau lafiyar yaran da aka haifa kafin lokacinsu ya cika.

Kowa a cikinmu ya san maraƙin da aka haifa a tsakiyar rani, lokacin da uwarsa ta rame, nono ya yi ƙaranci. Dillali mai ido ko bayan shekara uku ya dubi ƙirarsa zai gaya maka wannan ya sha wuya yana ƙarami. To, ashe ɗan Adam ma jikinsa ba ya manta yadda ya fara.

Cikakken ciki mako 40 ne. Duk jaririn da ya zo kafin mako 37, likitoci suna lissafa shi cikin bakwaini, ko da ya wuce wata bakwai ɗin da muka sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13 da dubu 400, watau kusan ɗaya cikin goma. Kun ga ke nan da wuya a sami zangon da babu su. A da, da yawa ba sa kai labari. Yanzu alhamdu lillahi suna rayuwa, suna girma har su yi aure, shi ya sa ya zama dole mu san abin da ke jiransu a gaba.

Asalin wannan ilmi daga Ingila ya fito. A gundumar Hertfordshire, tun 1911 ma'aikatan jinya ke rubuta nauyin kowane jariri a littafi. Wani likita mai suna David Barker ya binciko littattafan nan, ya bi sawun mutanen, a 1989 ya bayyana cewa waɗanda suka fi ƙanƙanta suna jarirai su ciwon zuciya ya fi kashewa da suka manyanta. A 1991 shi da abokin aikinsa Nick Hales suka ga haka abin yake game da ciwon sukari.

Daga baya aka juya kan bakwaini su kansu. A 2004 likitocin ƙasar New Zealand suka auna yara 'yan shekara 4 zuwa 10, suka tarar jikin bakwaini bai cika jin insulin ba, sinadarin nan da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka. A 2007 a ƙasar Finland aka auna samari da 'yan mata da aka haifa ba su kai kilo ɗaya da rabi ba, aka sami wannan matsala, kuma awon jininsu ya ɗan ɗara na tsararsu. Kazalika a ƙasar Sweden an bi mutum sama da miliyan 4, aka buga sakamakon a 2020: ga bakwainin da ya girma, haɗarin ciwon sukari irin na manya ya ƙaru da kusan rabi.

Amma fa kada hankalin kowa ya tashi. Ƙaruwar haɗari ba ita ce kamuwa ba. Mafi yawan bakwaini lafiya lau suke rayuwa. Abin da ake nufi shi ne, jarinsu bai kai na wasu ba, saboda haka sai an yi tattali.

Me ke jawo haka? Watanni ukun ƙarshe na ciki su ne lokacin da ake kammala gini. Ƙoda tana da ƙananan matatai masu tace jini, kuma sai wajen mako 36 ake gama yinsu. Wanda ya fito da wuri yakan tashi da matatai kaɗan, kuma ba a ƙara sababbi in an girma. Kamar babbar mota ce da aka rage wa taya: in lodi daidai ne za ta kai Kumasi, in aka yi mata lodin ganganci sai ta kwanta a hanya. Lodin nan shi ne ƙiba da yawan gishiri, ƙarshensa hawan jini da ciwon ƙoda. Bugu da ƙari, bakwaini yakan tashi da ƙarancin tsoka, ga jikin da ya koyi ɓoye duk abin da ya samu. In daula ta zo daga baya, sai ya tara kitse a ciki, sukari ya rasa wurin shiga.

A nan ne mu masu harkar shanu muke yin kuskure. Idonmu ya saba da cewa dabba mai kitse ita ce mai daraja. Sai uba ya ga ɗansa ɗan firit, tausayi ya kama shi, ya shiga ɗura masa shayi mai sukari da lemon kwalba da kitsen tsire, wai don ya kamo tsararsa. Binciken da aka yi a Finland da Indiya ya nuna cewa waɗanda suka fi shiga haɗari su ne yaran da suke sirara har shekara biyu, daga nan suka yi ƙiba da sauri. Bijimin turke wata uku ko huɗu ake nema da shi a kai shi kasuwa. Ɗanka kuwa shekara saba'in kake roƙa masa.

To mene ne abin yi?

Na farko, a bar mata su je awon ciki da wuri. Tun 2008 awo da haihuwa kyauta ne a Gana ƙarƙashin inshorar lafiya. A can ake ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, a kuma auna hawan jini, domin waɗannan suna cikin abubuwan da ke sa haihuwa ta zo da wuri.

Na biyu, in bakwaini ya zo, a kai shi asibiti, ko na Salaga, ko na Yendi, ko asibitin Presby na Bawku. In abin ya fi ƙarfinsu su ne za su tura Asibitin Koyarwa na Tamale. A riƙa ɗora shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zane. Wannan dabara a Kolombiya aka fara ta a 1978. Wani gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, har da asibitin Komfo Anokye na Kumasi, ya nuna a 2021 cewa fara ta nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi ɗaya cikin huɗu. Uba ma zai iya karɓar uwa ta huta, ba abin kunya ba ne.

Na uku, kada a zubar da dakashi. Mu da ba ma hana maraƙi nonon farko, don me za mu hana ɗanmu? Nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa ba jiƙo, sai abin da likita ya rubuta. In bai iya tsotso ba, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi. Madarar shanu kuwa, ko garke gare ka, kada ta zama abin shansa sai ya cika shekara.

Na huɗu, kada wani ya ji wannan bayani ya rage wa jariri abinci. A shekara biyun farko yana bukatar ya ƙoshi sosai don ƙwaƙwalwarsa ta ginu. A riƙa kai shi awo, ma'aikata su duba girmansa. Bayan nan ne za a sa ido kan ƙiba: tuwo da miyar ganye, wake, ƙwai, kifi da nama daidai gwargwado, a rage sukari da dunƙulen miya. A bar shi ya yi wasa ya yi gudu. Kakanninmu a ƙasa suke koro shanu daga arewa su bi ta Salaga har Kumasi, mu kuwa yau a gaban mota muke zaune.

Na biyar, a adana littafin awonsa kamar yadda muke adana takardar shanu. In ya yi hankali a gaya masa shi bakwaini ne, domin ya faɗa wa likita. Ya riƙa auna jini ko sau ɗaya a shekara, ya nemi a duba masa sukari da fitsari, ya nisanci taba. In mace ce, ranar da ta je awon cikinta na fari ta sanar da ungozoma, domin irinsu sun fi fuskantar hawan jini da sukari lokacin goyon ciki.

Daga ƙarshe muna ba shugabannin rassa shawara su nemi ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa ranar kasuwa suna auna jinin 'yan ƙungiya. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.