Birkin Motarka: Wane Fad Za Ka Saya, Kuma Yaya Za Ka Sauya Shi a Ƙofar Gida?

Yau ba siyasa za mu taɓa ba, ƙarƙashin mota za mu leƙa.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk mai mota ya koma lissafi. Na ga abokai da yawa, birki na ƙara ƙiii kamar ana wasa wuƙa, amma sai ka ji mutum ya ce "bari albashi ya shigo." Ɗan'uwa, wannan ƙarar ba ado ba ce. Wani ɗan ƙarfe ne aka maƙala a jikin fad ɗin, da gangan, don ya riƙa gogar faranti idan fad ya cinye. Sabon fad kaurinsa kamar milimita 10 zuwa 12 ne. Ya sauko 3, lokaci ya yi. Ka bari ya ƙare, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, to har faranti za ka saya.

To, wanne za ka saya? Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, za a zube maka kala-kala. Akwai mai laushi, shi ya fi araha, amma yana saurin cinyewa. Akwai mai haɗin ƙarfe, yana jure zafi da lodi, sai dai ɗan ƙara da baƙar ƙura. Sai na siramik, shiru ne, amma da tsada. Ni dai ga mai Corolla da ke zirga-zirgar cikin gari da ɗan tafiye-tafiye, na tsakiyan nan ya wadatar.

Inda matsalar take shi ne jabu. Araha daban, jabu daban. Ni kaina na taɓa sayen wani a kwali mai kyalli, ko wata biyu bai yi ba abin gogar ya ɓalle daga jikin ƙarfensa, ina cikin cunkoso. Allah ne ya kiyaye. Saboda haka ka tafi da tsohon fad ɗinka ka gwada su baki da baki. Ka duba haɗin, kada ka ga tsaga ko gam ya zubo. Ka duba bayansa ko akwai lamba da aka buga. Na ƙa'idar Turai suna ɗauke da alamar 90R. Kuma don Allah kada ka sayi kwance, wanda aka ciro daga wata motar.

Yanzu aikin. Ƙafar gaba nake magana. Ajiye mota a wuri mai daidai, ja birkin hannu, sa waigi a tayar baya. Sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga da jak. Ka saurare ni nan: kada ka yarda da jak shi kaɗai. Tokare da ƙarfen tokare mota ko kututturen katako mai ƙwari. Bulon siminti fashewa yake yi.

Cire taya. Za ka ga kalifa, wato abin da ya rungume farantin. Noti biyu ne a bayansa, a yawancin Corolla sifana lamba 14 ce. Kwance, zare shi, ka ɗaure shi da waya a sama. Kada ka bar shi yana lilo a jikin tiyon man birki. Kafin ka zare tsofaffin fad, ɗauki hoto da wayarka, zai yi maka amfani. Ƙurar nan kuma kada ka hura da baki, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ba ta da kyau ga huhu.

Sai ka tura fistin ya koma ciki a hankali, da matsi, ka ɗora tsohon fad a kansa. Idonka a kan tankin man birki, don man zai taso. Shafa giris na birki a sandunan da kalifa ke zamewa a kai, amma ko ɗigo kada ya taɓa fuskar fad ko faranti. Sa sababbin, ɗaure, mayar da taya. Ka gama hagu, ka yi dama. Ba a sauya gefe ɗaya, mota za ta riƙa ja.

Ga wanda mutane ke mantawa, kuma shi ne mai kisa: kafin ka motsa motar, taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Takun farko zai tafi har ƙasa, babu komai. Daga nan ka fita layin da ba mutane, ka yi ta gudu kaɗan kana tsayawa a hankali, don fad ya zauna.

Idan ka ga faranti ya yi kwari, ko mai na yoyo, ko birki ya ƙi tauri, tsaya nan, kira bakanike. Haka ƙafar baya: wasu motocin, irin su Golf, fistin ɗinsu murɗawa ake yi ba turawa ba, ka danna da ƙarfi ka lalata shi. Karon farko ma ka samu wanda ya iya ya tsaya a kanka, ko lemo ne ka saya masa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya tsare mana hanya.